Filin Manoma: Ban ruwan ƙananan itatuwa nesa da rijiya

Kowace damina manoma na dasa mangwaro da gwaba da lemu da kanju. Kamin watan Mayu, da yawa sun bushe. Mutum ya ce rijiya ta yi nisa. Gaskiya ne. Amma sau da dama ruwan da ya ɗauko da wahala, rana ce ke shanye shi, ba icce ba.

Mai yayyafa ruwa kaɗan kaɗan kullum ɓarna yake yi. Bisan ƙasa kawai ke jiƙa, saiwa ta tsaya nan sama, zafin bazara ya ƙone ta. Gara a ba icce ruwa sosai, sau biyu a mako, da marece.

Ga dabarar tulu. Manomi ya samu tulun ƙasa mai tsatsafar ruwa, mai cin lita 10. Ya gina rami kamu biyu daga gindin icce, ya binne tulun har wuya. Ya cika shi, ya rufe bakin da sakaina saboda rairayi da sauro. Ruwa zai riƙa fita sannu sannu wajen saiwa. Wanda bai da tulu ya huda gindin tsohon bido da allura mai zafi, ya binne shi haka nan. Sai dai ramin bido yana toshewa, a riƙa dubawa.

Lissafin ba wuya. Jaki ya ɗauko bido biyu masu lita 25, lita 50 ke nan, tulu biyar sun cika. Tano mai lita 200 bisa amalanke ya ishi icce 20. Saboda haka wanda ke da jaki ɗaya kada ya dasa icce 50 don kwaɗayi. Goma da suka kama sun fi su.

A shimfiɗa kara ko buntu kewaye da icce don laima ta daɗe, amma kada su taɓa jikinsa, gara na biye da su. A barbaɗa toka.

Mutanen Tahoua sun san rabin wata. A yi shi ta gefen gangare, ruwan sama ya kwanta wurin icce.

Sai shingen ƙaya. Akuya ɗaya na cinye wahalar wata shida kamin mai gona ya komo daga rijiya. Ban ruwan kuwa sai icce ya ƙetare rani biyu ko ukku, sa'an nan a rage.