Mu Sauko Daga Mota, Mu Ga Ƙasarmu

Akwai wata cuta da ta kama 'yan boko a ƙasar nan tun zamanin kuɗin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, wato raina keke. Da zarar yaro ya taka ƙofar jami'a, sai ya ɗauka keke na masinja ne da mai tallar kananzir, shi kuwa mota ce darajarsa. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, motar ta gagari ƙaramin ma'aikaci, amma girman kan yana nan daram. Shawarata ga Ƙungiyar Ɗalibai ita ce ta shirya mana doguwar tafiya a kan keke, cikin ayari, da kwana a hanya, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. A jihar Iowa ta Amurka, a shekarar 1973, wasu 'yan jarida biyu, John Karras da Donald Kaul, suka gayyaci masu karanta jaridarsu su ratsa jihar da su a kan keke, daga Sioux City zuwa Davenport. Mutum 114 suka kai ƙarshe. Abin ya zama al'ada mai suna RAGBRAI, inda dubban mutane ke kwashe kwana bakwai a watan Yuli, daga yammacin jihar har bakin kogin Mississippi, suna cin kimanin kilomita 100 a wuni, suna kafa tanti a filayen makarantu da na ƙananan garuruwa. Mutanen garuruwan kuwa su fito da abinci su sayar, su sami na kashewa.

To, mu ɗauki hanyar Zariya zuwa Kano, wadda ke kusan kilomita 140, mu raba ta kwana biyu cikin hunturu. A tashi bayan sallar Asuba, tun rana ba ta buɗe ido ba. Ayari ya jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen titi, mai gudu ya jira mai rauni, gama sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke cin kilomita 14 a sa'a, cikin sa'a biyar ya gama rabon ranar. Kowa ya ɗaure tabarma da bargo da gorar ruwa a kariya, a kuma tafi da famfo da sifana da kayan faci, don kuwa sai taya ta sace, sai sarƙa ta zame. Da rana ta take a fake a inuwa, a yi Azahar, a ɗan kishingiɗa. Kafin La'asar ta yi sanyi an isa masauki, an gai da dagaci, an nemi izinin kwana a harabar makarantar firamare. Wasu su ɗebo ruwa, wasu su hura wuta, wasu su duba birki. Bayan Isha'i a zauna hira da mutanen gari.

Wannan hirar ita ce ribar tafiyar. Yawancinmu gobe mu ne jami'an gona, da malaman asibiti, da sakatarorin ƙananan hukumomi, alhali kuwa ƙauye ta gilashin mota muka san shi. Ɗalibin tattalin arziki da ya tsaya a Kwanar Gafan ya ga kwandunan tumatir jibge a rana, farashi ya faɗi, manomi ba shi da wurin ajiya, ya sami darasin da allo ba zai ba shi ba. Mai karatun injiniya da ya bi magudanan ruwan Kadawa da Kura, waɗanda madatsar Tiga ke shayarwa, ya ga inda aikin gwamnati ya yi amfani da inda ya lalace. Gani ya kori ji. Wanda ya kwana a ajin da iska ta yaye wa kwano, da wuya ya sa hannu a takardar kwangilar ƙarya ba tare da zuciyarsa ta buga ba.

Na san za a kawo maganar tsaro, kuma magana ce mai nauyi, domin satar mutane a wasu hanyoyin Arewa ba almara ba ce. Maganinta tsari: a zaɓi hanya da shawarar jami'an tsaro da sarakunan yankin, kada a yi tafiyar dare, a sa mota guda ta biyo baya da magunguna da ruwa, ta kuma kare ayari daga manyan motoci. Idan doguwar hanya ba ta yiwu bana, a soma da ta wuni ɗaya a kewayen gari. 'Yan'uwanmu mata a ware musu masauki na mutunci, su ma a dama da su. Batun kuɗi kuwa, abin da ake ɓarnatarwa a liyafar rantsar da shugabannin ƙungiya ya isa hayar tanti da aron kekuna.

Ya ku shugabanninmu, kun yi mana alkawarin kusantar talakawa lokacin neman ƙuri'a. Ga hanya nan shimfiɗe, ga hutun hunturu yana tafe. Ku sa rana, ku buɗe rajista, mu kuwa za mu zo da ƙafafunmu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.