RA'AYINMU: Wa Ya Duba, Kuma A Ina Aka Rubuta?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa sayen mota ta hannu, a Haɗeja ne ko a Kano, ya san kalmar da ake rufe bakin mai saye da ita. Da zarar ya fara tambayar lafiyar inji ko ingancin takardu, sai dillali ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, an duba." Tambayar da muke so mu ajiye a gaban 'yan'uwa a wannan wata ita ce: wa ya duba, yaushe ya duba, me ya gani, kuma a ina aka rubuta?

Mutumin Baturiya da sauran ƙauyukan fadamar Kiri Kasamma ba ya sayen mota don ado. Shinkafar kaka da tattasan rani yake sayarwa, wani har da shanun huɗa, ya haɗa kuɗin ya sayi akori-kura ko ƙaramar bas da zai riƙa kai kifi da hatsi kasuwar Haɗeja, ya kuma ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Irin wannan bawan Allah, in motar ta zauna bayan wata biyu, ko aka tsare ta a hanya domin takardun fitonta na jabu ne, gumin shekaru ne ya salwanta. Idan ya koma inda ya saya, sai a ce yaron da ya yi cinikin ya bar wurin, makaniken da ya duba kuwa babu mai tuna sunansa. Wannan ya rantse, wancan ya rantse, a tashi da "Allah Ya isa".

Sanin kowa ne cewa akasarin waɗannan motoci sun sha hannu kafin su iso gare mu. An yi shekara da shekaru ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, a kai su Maraɗi, daga nan su gangaro Katsina da Kano ta hanyar da aka sani da wadda ba a sani ba. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairu, 2017. A watan Maris na wannan shekara hukumar kwastan, a ƙarƙashin Kanar Hamid Ali mai ritaya, ta nemi masu motoci su kai takardunsu a tantance, aka yi ta ce-ce-ku-ce har Majalisar Dattawa ta sa baki aka dakatar da shirin. A ƙarshen Satumba na 2019 kuma jami'an kwastan suka garƙame wuraren sayar da motoci a garuruwa da dama. A duk waɗannan rigingimu, wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin da ya biya kuɗinsa cif, amma ba shi da wata shaida da za ta nuna daga hannun wa motar ta fito, ko wa ya tabbatar masa da takardunta.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. A watan Agusta na 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban motoci a jihar Texas ta Amurka. A can, motar da ta sha ruwa ko ta yi mummunan haɗari akan rubuta hakan a takardar mallakarta, kamfanonin inshora su yi gwanjonta da araha, kuma irinsu na cikin abin da ake lodowa zuwa Afirka ta Yamma. A nan sai a wanke, a sake fenti, a mayar da mita mai ƙirga tafiya baya, a jera ta a rana tana ƙyalli. Mu da muke zaune a bakin kogin Haɗeja, muka ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ba sai an gaya mana abin da ruwa yake yi wa wayoyin mota da giyarta ba.

Ya 'yan'uwa Musulmi, wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a fiƙihu. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya iske na ƙasa jiƙaƙƙe, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ya kuma hana a bar dabba kwanaki ba a tatse ta ba don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, ya ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da ita. Ina bambancin wannan da mayar da mita baya? Ɗaliban Risala da Muhtasar sun karanta cewa ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma wanda ya iske tsohon aibi yana da haƙƙin mayar da haja. Sai dai alƙali ba zai iya hukunci ba sai ya san aibin ya riga ciniki ko bayansa ya faru, kuma a nan ne rubutu yake shigowa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, yawancin cinikin mota kuwa akwai cikon kuɗi da ake binsa.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kowace mota tana da lambar shasi da aka buga a jikinta, haruffa da lambobi 17 a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun 1981, kuma da ita hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito a 2022. To, mai wurin sayar da motoci ya ajiye babban littafi, kowace mota da shafinta: lambar shasi da ta inji, ranar shigowarta, sunan wanda ya kawo ta, lambar takardar fito, abin da mita ta nuna, sunan makaniken da ya duba da ranar da ya duba, aibin da ya gani, wanda aka gyara da wanda aka bari. Makanike ya sa hannu, mai saye ya tafi da kwafi. Motar da ba a duba ba a rubuta a gilashinta cewa ba a duba ba. Wadda ta daɗe a ajiye, ko aka sauya mata wani abu, a sake dubawa a sake rubutawa, domin duban bara ba ya shaidar motar bana.

Mun san za a ce faɗin aibi yana kashe kasuwa, kuma rubutu alama ce ta rashin yarda tsakanin 'yan'uwa. Gaskiya ne wani cinikin zai kuɓuce, wata la'adar ta ragu, ba za mu ɓoye wannan ba. Amma littafin nan garkuwa ce ga dillali mai gaskiya ma, ranar da wani ya tuƙa mota ba baƙin mai har inji ya buga, sannan ya dawo yana cewa an cuce shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu da ke wannan sana'a, dillalai da makanikai, su riga kowa buɗe wannan littafi, kada su jira ƙungiyar dillalai ko hukuma ta tilasta. Makanike kada ya karɓi ladan dubawa daga mai saye sannan ya karɓi wani a ɓoye daga mai sayarwa. Malamanmu na rassan Haɗeja, Kiri Kasamma, Guri da Birniwa su sanya babin zaɓin aibi a karatun tsakanin Magariba da Isha'i kafin kaka, lokacin da kuɗi ke shiga hannun manoma. Mai niyyar saye kuma ya tafi da makanikensa da shaidu biyu, ya karanta lambar shasi a jikin motar da idonsa, ya gwada ta da wadda ke cikin takarda harafi bayan harafi, kafin ya ƙirga ko sisi.