Raddi ga Masu Kiran Taskance Tsofaffin Wasannin Bidiyo Satar Fasaha

Masu kare kamfanoni suna da'awar cewa kwafe tsohon wasan bidiyo daga injinsa ba da izinin mai shi ba satar fasaha ce, ko da an daɗe da daina sayar da shi. Maganar ta taso ne a kan injinan da ake jefa wa kwabo kafin a buga, irin su Space Invaders na kamfanin Taito (1978), amma duk hukuncin da aka yanke musu zai hau kan kaset-kaset ɗin finafinai da na makaɗa da ke ajiye a gidaje daga Nasarawar Birnin Kebbi har Argungu.

Hujjarsu ta farko, wai doka ba ta bambanta kwafi da kwafi, ba ta da tushe, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta yi togaciya, wato ta ware ɗakunan karatu da ma'adanar takardu da gidajen tarihi, ta ba su damar kwafe abin da ke hannunsu don adanawa, muddin ba don kasuwanci ba ne.

Sai kuma su ce a jira wa'adin haƙƙin ya cika, kuma a nan ne raunin maganarsu ya fi fitowa fili. Wa'adin fim shekara 50 ne daga fitowarsa, na waƙa kuwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, saboda haka Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sai 2040 zai kuɓuta, waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kuwa sai 2069. Zaren kaset ba ya da wannan haƙurin: zafin bazara yana sa shi ya manne, laimar damina ta sa masa fumfuna, na'urar da za ta juya shi ma ta yi wuyar samu. Injinan wasa sun fi haka rauni, tunda allon CPS-2 da kamfanin Capcom ya fito da shi a 1993 yana ajiye mabuɗin sirrin manhajarsa ne da ƙarfin wani ɗan batiri, ranar da batirin ya mutu kuwa allon ya daina aiki, alhali babu abin da ya fashe a jikinsa.

Batun asarar ciniki yana da ƙamshin gaskiya a kan wasanni irin Pac-Man (1980), da har yau ake sayarwa, sai dai binciken da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba sa kasuwa, kuma ba a tauye cinikin hajar da mai ita ya daina kasawa.

Saura fargabar cewa togaciya ƙofa ce ga ɓarayi. Amurka, wadda dokarta ta 1998 ta haramta karya makullin manhaja, tana sake duba togaciyoyinta duk shekara uku. Ta sassauta wa masu adana wasanni a 2015 da 2018, sannan a 2024 ta ƙi yarda manazarta su riƙa buɗe su daga nesa ta intanet, matakin da tsaurinsa ya wuce kima, ko da yake ya nuna ana iya shata iyaka. A Najeriya iyakar a bayyane take: Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, yana cikin irin hukumomin da doka ta ambata, amma mai shagon da ke tura tsofaffin finafinai a wayoyin mutane yana karɓar kuɗi ba ya ciki, ko da ya ce adanawa yake yi.