Wa Ya Kori Mutanen Gama Daga Rumfar Zaɓe?

Duk lokacin da aka ƙirga ƙuri'u aka tarar mutane ba su fito ba, sai 'yan siyasa da 'yan korensu su cika gidajen rediyo da waƙa guda: wai talakan birni ba shi da kishin ƙasa, wai matasa sun gwammace zaman majalisa da shan shayi a kan bin layi. To 'yan'uwa matasa, kafin ku haɗiye wannan zagi, ku zo mu leƙa unguwa ɗaya tak a birnin Kano, mu ga wanda ya kori jama'a daga rumfar zaɓe.

Gama mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Nasarawa, can yankin Birget, unguwar masu neman na yau su ci yau, mai masu rajista fiye da dubu 40. Ranar 9 ga Maris, 2019, aka yi zaɓen gwamna. Da aka tattara sakamako, Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar PDP a lokacin, yana da ƙuri'a 1,014,474, gwamna mai ci a wancan lokaci Abdullahi Umar Ganduje na APC yana da 987,819. Tazarar 26,655 ce. Ƙuri'un Gama ba su shiga wannan lissafi ba, domin cikin dare aka kutsa wurin tattara sakamakon Nasarawa aka hargitsa shi, aka yayyaga takardu. Sai hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammalu ba, abin da har yara suka haddace da sunan inkonkulusib, ta sa ranar 23 ga Maris a sake shi a Gama da wasu rumfuna a faɗin jihar.

A nan abin mamaki ya faru. Cikin makonni biyun nan sai ga motocin aikin gwamnati sun dira a Gama, ana kwashe bola, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, ana gyaran hanya, kai ka ce jiya aka gano akwai bil'adama a wurin. Ashe sun san hanyar unguwar! Ashe sun san ana sayen ruwa a kura, sun san kwata ta toshe! Shin ƙishirwar mutanen Gama a watan Maris ɗin ta fara? Abin da ya sauya kawai shi ne kujerar gwamna ta koma rataye a wuyan ƙuri'unsu.

Ranar zaɓen kuma sai aka ga ɗaya fuskar. Gungun samari ɗauke da gorori da wuƙaƙe suka mamaye rumfuna, aka tsorata masu zaɓe, aka hana 'yan jarida da masu sa ido aikinsu, har tawagar Tarayyar Turai ta faɗi haka a bayaninta. A wuraren da aka sake zaɓen gaba ɗaya, APC ta tashi da 45,876, PDP 10,239, aka ce Ganduje ya ci da ratar 8,982. Kotuna, har Kotun Ƙoli a Janairun 2020, sun tabbatar masa da kujerar. Wannan tsakaninsu ne da alƙalai. Tambayarmu daban ce: tsohuwar da ta leƙo ƙofar gida ranar nan ta hango wuƙa tana walƙiya ta koma ɗaki, wane mai kunya ne zai kira ta marar kishin ƙasa?

Kada wani ya zaci muna wanke wani ɓangare ne. Masu jar hula da masu tsintsiya, kowa da yaransa, kowa da mai raba musu ƙwaya. Ba kuma yau aka fara ba: tun zamanin NEPU da NPC ake da 'yan banga a Kano, aka zo rikicin santsi da taɓo cikin PRP, sunan ne kawai yake sauyawa, yanzu an koma jagaliya.

Sannan ga ƙaryar da suka fi so, wato raba unguwanni kamar gadon ubansu. Ka ji ana cewa unguwa kaza ta wane ce, unguwa kaza ba ta taɓa juya wa wane baya ba. Ku ɗauki alƙalami. A 2023 masu rajista a jihar Kano sun kai miliyan 5.9. Wanda ya ci zaɓen gwamna ya samu 1,019,602, na biyu 890,705. Wato wanda aka rantsar, kusan mutum ɗaya cikin shida na masu rajista ne ya dangwala masa. A Nijeriya baki ɗaya, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa sun faɗo daga kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 27 a 2023. Jama'ar da ta fi kowace jam'iyya yawa ita ce ta waɗanda suka zauna a gida, kuma ba lalaci ya zaunar da su ba. Mutumin da ya sha rana a layi, aka yaga ƙuri'arsa cikin dare, aka sake kiransa aka tare shi da gora, me zai fito yi karo na uku?

Amma ɗan'uwa, tsaya ka dubi hannun da ya riƙe gorar nan. Ba na ɗan kwamishina ba ne. Na sa'anka ne, wataƙila tare kuka yi makarantar allo, an ba shi 'yan kuɗin da ba za su kai shi mako ba, ya je ya kori uwar wani, wani kuma can yana korar tasa. In an sare shi, danginsa ne za su yi jinya. In an kama shi, mai gidan ya sauya lambar waya.

Za su dawo, da taliya da atamfa da motocin burtsatse, za su nemi shugaban matasan layinku da sunansa. Duk wanda ya zo muku da maganar “aikin ranar zaɓe”, ku ba shi tabarma, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi a gaban dattawan unguwa: a wace rumfa ɗansa na cikinsa zai tsaya da tasa gorar?