Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A cikin wannan zangon karatu, waɗansu daga cikinmu ɗaliban sashen tsarin birane, tun daga 'yan aji biyu har masu shirin fita, mun yi ta zama muna shata yadda ya kamata darasin farko na wannan fanni ya kasance, watau wanda ake fara koya wa sabon shiga. Mun gama, mun kuwa miƙa wa shugabannin sashe abin da muka rubuta. Tun daga ran nan magana ta yi yawa a ɗakunan kwana da wajen cin abinci. Waɗansu suna cewa mun yi shisshigi, waɗansu kuma suna cewa wahalar banza muka yi, takardar za ta ƙare a cikin durowa. Don haka muka ga ya wajaba mu bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai hujjarmu a cikin wannan mujalla tamu.

Hujjar ta samo asali ne daga tarihin fannin kansa. Duk wanda ya duba yadda aka tsara biranen ƙasar nan tun zuwan Turawa, zai ga cuta guda tana ta maimaituwa, watau a shata wa mutane wurin zama ba tare da an tambaye su ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ta kasa garuruwa aji uku, aka kuma bi ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. Wannan tunani shi ya bar mana Kano da Zariya a rarrabe: ga birni, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, ga unguwar Turawa can gefe cikin itatuwa. Dokar tsarin gari ta 1946 kuwa daga dokar Ingila ta 1932 aka kwaikwayo ta, kuma ba a sauya ta ba sai a 1992, shekara 32 bayan samun 'yancin kai.

Kada a ce laifin Turawa ne kaɗai. Da hannunmu muka kafa Abuja. An yi dokar kafa ta a 1976 zamanin Janar Murtala, aka gama babban tsarinta a 1979, gwamnati ta tare a cikinta a watan Disamba na 1991. Tituna sun yi faɗi, taswira ta yi kyau, amma Gwarawa da sauran mutanen da aka tarar a wurin, da farko shawarar da aka yanke ita ce a kwashe su duka, kuma har yau maganar matsuguninsu da diyyarsu ba ta mutu ba. Masinja da direba da lebura, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, da yawansu sai a Nyanya da Mararaba da Suleja suka sami wurin kwana, kullum asuba suna cikin cunkoson hanya. Waɗanda suka yi wannan aiki masana ne ƙwararru. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne sauraron masu wurin.

To, ina mai tsara gari yake koyon wannan hali? A ajin farko yake koyonsa. Idan yaro ya shiga jami'a aka miƙa masa manhaja a gama, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sani game da garinsu, lalle ranar da aka ba shi ofis haka zai miƙa wa talakawa taswira a gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ake so ya iya shawara da jama'a, sai a fara yin shawara da shi.

Ga abin da muka shata a taƙaice. Mun nemi makonnin farko su kasance a kan birnin da ɗalibi ya sani, kafin a kai shi ga Ebenezer Howard da birninsa mai lambuna na 1898. Ba mu ce a jefar da Howard ba, domin ba a fahimtar unguwannin Turawa na garuruwanmu sai da irin tunaninsa. Amma kakanninmu sun tsara birane ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. An fara ganuwar Kano zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya kafa kasuwar Kurmi. Masu ginin ganuwa sun kewaye har da gonaki da fili, don in yaƙi ya tsare ƙofa a sami abin ci, in jama'a ta ƙaru kuma a sami wurin gini. Sunayen unguwanni kamar Soron Ɗinki da Dukawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa suna gaya wa mai hankali yadda sana'a da baƙunta suka raba ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, daga baya ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno. Malaman Malikiyya kuwa sun daɗe da yin hukunci a kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, da indararon da ke zuba a bangon wani, da wanda ya ci hanya da gini. Har wani magini na Tunis, Ibn Rami, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi a ƙarni na 14. Duk wannan tsarin gari ne, ya kuwa cancanci allo da alli.

Na biyu, mun nemi a fitar da sabon ɗalibi daga aji. A ba kowane rukuni unguwa guda, su gai da mai unguwa, su auna lungu, su bi lambatu daga bakinsa har inda ya toshe. Su tambayi tsofaffi inda kududdufai suke a da. Kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, amma shi ne ke shanye ruwan damina. Da aka cike su aka yi gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya shiga ɗakunan mutane. Wanda ya ga alamar ruwa a bangon wata tsohuwa ba zai sake ɗaukar magudana wasa ba.

Na uku, mun nemi a koyar da maganar fili yadda take. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amma kowa ya san cewa a bayan gari mai gona ne da dillali suke yanka fuloti da awon igiya, ba a bar hanyar mota ba, balle filin makaranta ko asibiti. Ɗalibi ya kamata ya san dalilin da ya sa talaka yake gudun ofishin filaye ya tafi wurin dillali, domin ba a maganin cutar da ba a san sanadinta ba.

Zaman da muka yi shi kansa makaranta ne. A cikinmu akwai ɗan cikin birni wanda yake ganin zaure da tsakar gida su ne mutunci, akwai wanda ya tashi a gidan haya na Sabon Gari, akwai ɗan ƙauye da ya ce duk mun manta da inda hatsi da itacen girki suke fitowa. 'Yan'uwanmu mata su suka tilasta aka sa maganar famfo, da nisan makarantar yara, da lungun da ba ya biyuwa bayan magariba. Makonnin zango ƙidayayyu ne, ba za su ɗauki son kowa ba, sai da kowa ya saki wani abu. Haka rabon fili yake a gari: buƙatu da yawa, ƙasa kaɗan.

Masu suka suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, ba mu kuwa yi musu ba. Ba mu nemi mu shirya jarrabawa ko mu ba kanmu maki ba, kuma lissafi da safiyo da zanen taswira suna nan daram a cikin takardarmu, har ma mun roƙi a ƙara musu lokaci. Malamanmu sun fi mu sanin inda tafiyar za ta ƙare. Mu kuma mun fi kowa sanin inda sabon shiga yake tuntuɓe, domin jiya-jiya muka wuce ta wurin.

Waɗansu kuma suna cewa doka ba ta bari. Alhali kuwa manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 kashi 70 cikin ɗari ta ƙayyade, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ƙofa a buɗe take. Abin tambaya shi ne wa za a kira a yi shawara da shi wajen cike wannan gurbi.

Saboda haka muna roƙon shugabannin sashe, cikin ladabi, su sa ranar zama da mu a kan wannan takarda, su gyara abin da ya karkace, su gwada abin da ya yi daidai ko da na zango ɗaya ne, sa'an nan a tambayi waɗanda aka koya wa. Muna kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi a ba wakilan ɗalibai kujera a kwamitin manhaja na kowane sashe, domin abin da ya shafe mu ya shafi masu karatun aikin gona da likitanci da shari'a. Nan da 'yan shekaru, waɗanda ke zaune a ajin farko yau su ne za su sa hannu a takardar da za ta rushe kasuwa ko ta bar ta, ta buɗe hanyar ruwa ko ta toshe ta. Iyayenmu ne ke zaune a waɗannan unguwanni. Allah ya sa a saurare mu, ya kuma ba mu ikon sauraron waɗanda za mu yi wa aiki.