Baƙo ya sha kallo a Kakum, amma a bar ɗakin haihuwa ga masu shi

Duk shekara, musamman daga Yuni zuwa Agusta da makarantun Turai da Amurka ke hutu, matasa kan cika jirage zuwa Akra da niyya biyu: yawon buɗe ido da aikin sa kai. Kamfanonin da ke shirya musu tafiyar sukan haɗa musu komai a kunshi ɗaya. Ƙarshen mako a kai su tsoffin gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, su hau gadar igiya ta dajin Kakum, wasu su wuce arewa ganin giwayen Mole da tsohon masallacin Larabanga. Sauran kwanakin kuma a tura su asibiti ko ƙungiyar da ke kula da mata masu juna biyu. Tun bayan shekarar dawowa gida ta 2019, wannan kasuwa ta ƙara buɗewa.

Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma yaran da nake koyarwa daga ɗakunan haihuwar nan suka fito, kuma na san yadda aji ke yin tsit ranar da aka ce mahaifiyar wani ta rasu wurin haihuwa. Shi ya sa nake ganin mu ma mutanen Zango muna da ta cewa.

Buƙatar dai tana nan. Binciken lafiyar mata masu haihuwa da aka yi a Ghana a 2017 ya nuna mace 310 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030. Tun 2008 gwamnati ta sa awo da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, an kuma baza ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS a karkara. Duk da haka zubar jini bayan haihuwa da hawan jini mai kawo jijjiga suna ci gaba da ɗauke mana mata. Wanda ya taso daga nesa don ya taimaka, ai ya cancanci a ce masa sannu da zuwa.

To amma ina gizo ke saƙar? Da yawa daga cikin baƙin nan ɗalibai ne da ba su fara karatun likita ba ma, suna neman abin da za su rubuta a takardar neman shiga jami'a. A ƙasarsu ba wanda zai bar su su leƙa ɗakin naƙuda, balle su sa safar hannu. A nan kuma, saboda sun biya kuɗi, sai ka ji an bar su suna tsaye a kan mace tana naƙuda, wani har da waya a hannu. Kai jama'a! Matar da ko a gaban surukarta ba ta cire mayafi, ita ce za a mayar abin kallo a ranar da ta fi kowace rana rauni? Kuma illar ba ta tsaya ga kunya ba. Matan unguwa suna ba juna labari. Idan ɗaya ta dawo ta ce baƙin maza sun tsaya a kanta, gobe uku za su gwammace haihuwa a gida, kuma a gida ne zubar jini ke gama mace kafin a samo mota.

Saboda haka ina ganin abu uku ya kamata shugabannin Zango da ƙungiyoyinmu na mata su tsaya a kai duk lokacin da aka kawo musu irin waɗannan baƙi. Na farko, duk wanda zai taɓa majiyyaciya ya nuna lasisi daga hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ko ta likitoci ta Ghana. Wanda ba shi da shi, akwai aikin da ya dace da shi: jera katunan awo, gyaran famfo, fenti, koyar da kwamfuta. Na biyu, a nemi yardar mace da harshen da take ji, kafin naƙuda ta kama ta, kuma a hana hoto kwata-kwata. Na uku, a tambayi kamfanin a fili: cikin kuɗin da baƙon ya biya, nawa ne ya isa asibitin? Kuɗin tikitin mutum ɗaya daga Amurka zai sayi na'urorin auna hawan jini masu yawa, ya zuba wa motar asibiti mai na tsawon lokaci.

Sai kuma namu laifin. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙon nan mako biyu ko uku zai yi ya koma. Mu kuwa duk bayan Sallah ƙungiyoyin samarinmu na Nima da Mamobi da Zangon Kumasi suna ɗaukar bas zuwa bakin teku ko Kakum, a ci a sha a dawo. Me zai hana a haɗa tafiyar da ba da jini? Har yanzu asibitocinmu sun fi dogara ga dangin majiyyaci su kawo jini, kuma macen da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ba ta da lokacin jiran ɗan'uwa daga wani gari. Mai lafiya ɗan shekara 17 zuwa 60 da nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa. Bas ɗaya mai mutum 30, ko rabinsu suka bayar, an yi sadakar da ta fi ta baƙi goma masu kallo.

Mu malamai ma da ke kai ɗaliban sakandare yawon ilimi, mu sa wannan cikin shiri: a sanar da hukumar jini ta ƙasa tun da wuri, ta turo ma'aikatanta. Limamai su faɗa a huɗuba cewa mazan su riƙa raka matansu awo. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.