Littafi Ɗaya, Marubuta 20: Ina Sauran Sunayen Suke Shiga?



A wannan makon za mu taɓo batun da yake kama da aikin masu kwamfuta, alhali haƙƙinmu ne kwance a cikinsa. Duk littafin da muka fitar, bayanansa tafiya suke yi: daga fom ɗin ƙungiya zuwa jadawalin Excel, daga nan zuwa shafin mai sayarwa ko kundin laburare. Kowace manhaja da irin gurabenta. Wani gurbin abu ɗaya tak yake ɗauka, wani kuma jeri yake ɗauka, kamar sunaye biyar a jere. Ɓarnar tana faruwa ne a mahaɗa, lokacin da za a juye jeri a cikin gurbi mai cin abu ɗaya.

A nan manhaja takan yi ɗayan biyu: ko ta ɗauki sunan farko ta watsar da saura, ko ta cusa su duka wuri guda. Mu ɗauki Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tare. In aka ɗauki sunan farko kaɗai, ɗayansu ya ɓace. To ina ga kundin gajerun labarai mai marubuta 20? Sunan edita zai fito, matashiyar da labarinta na farko ke ciki kuwa, ko an nemi sunanta ba za a gan shi ba.

Cusawar ma tana da tata illar. Google Forms yakan haɗa amsoshin da aka zaɓa da yawa a gurbi ɗaya, waƙafi ne kawai a tsakaninsu. Ita kuma laburare takan juya suna ta rubuta "Imam, Abubakar". Ranar da aka umarci manhaja ta raba sunaye a kan kowane waƙafi, marubucin Magana Jari Ce ya zama mutum biyu, wani Imam da wani Abubakar.

Masana laburare sun daɗe da magance wannan. A tsarin MARC 21, gurbi mai lamba 100 na babban marubuci ne kuma ba a maimaita shi, amma gurbi mai lamba 700 ana maimaita shi ga kowane mai hannu a littafin. Ba a bar kowa a waje ba.

Wani zai ce ai wannan aikin kamfanin ɗab'i ne. Amma akasarinmu mu ne masu rubutawa, mu ne masu bugawa, mu ne masu tallatawa. In ba mu tsara ba, babu mai tsara mana.

Ra'ayinmu shi ne, duk ƙungiyar da za ta tattara bayanan littattafai ta ba kowane suna gurbinsa, tare da rawar da mai shi ya taka: marubuci, edita, mai fassara ko mai zane. In dole sai an haɗa su wuri guda, a raba su da waƙafi mai ruwa. Kuma kafin a juye jadawali gaba ɗaya, a gwada da littafi mai marubuta da yawa, a ƙirga sunayen da suka shiga da waɗanda suka fito.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya kwana yana rubutu, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne sunansa ya isa inda littafin ya isa. Allah Ya ƙara mana basira.